Rumbun Portable Antiquities Scheme: ya yi min amfani wajen gane hatiman dalma na yadi

Gaskiya idan kana Ingila kuma hannunka ya faɗa kan irin ƙananan dalmar nan masu tambari da masu injin neman ƙarfe ke tonowa a gonaki, wannan rumbun bayanai na intanet shi ne wurin da za ka fara leƙawa. Kyauta ne, British Museum ke kula da shi, tun 1997 aka soma shirin, kuma kayan da mutane suka tsinta a Ingila da Wales ne ake sakawa da hoto da awo da gundumar da aka samu. Ka rubuta cloth seal kawai, wato hatimin yadi, a wurin bincike, hotuna za su zubo maka har ka gaji.

Amma fa kafin ka tsaya wahalar karanta haruffa, fara duba ƙirar abin. Hatimin yadi faifai biyu ne da ɗan siririn maɗauri a tsakani, ɗaya da ƙusa ɗaya da huda, sai a naɗe shi a bakin yadin a matse da tambari, daga baya ma aka yi masu faifai huɗu. Idan ka ga ramin da igiya ta ratsa to wannan galibi na buhu ne ba na yadi ba, kuma mutane da yawa nan suke ruɗewa, musamman da na Rasha masu rubutunsu da aka ɗaura wa damman flakis, wato tsiron da ake zaren lilin da shi. Abin da ya fi burge ni shi ne wasu hotunan sun nuna cikin faifan, inda saƙar yadin ta bar shatinta a jikin dalmar, zare-zare kana gani, alhali yadin kansa ya ruɓe tun ɗaruruwan shekaru.

Daga nan sai tambari. Harafin A da wani abu kamar ƙaramar abarba a ɗaya gefen, wannan Augsburg ce ta Jamus, yadin fustiyan na auduga da lilin, kuma suna da yawa sosai a rumbun, cikin minti kaɗan za ka samu ɗan'uwan naka. Na garin Colchester na Ingila kuma galibi na masaƙan Holan ne da suka yi hijira can, suna da zaurensu inda ake duba yadi kafin a buga masa hatimi. Wanda ke da kambin sarauta ko sunan gunduma galibi na jami'in gwamnati ne mai awo da karɓar haraji, ba na ƙungiyar masaƙa ba, wannan tsarin a 1724 ya ƙare, ka ga ya rage maka lissafin shekaru. Lambobin da aka karce da hannu yawanci tsawon yadin ne ko nauyinsa.

Inda rumbun ba zai iya maka komai ba shi ne alamomin 'yan kasuwa, irin masu kama da lamba 4 da haruffa biyu, waɗannan ko masana sau da yawa sai dai su siffanta su wuce. Kuma komai da Turanci ne, da kalmomin masana.

Shawarata, haska fitilar waya daga gefe ba daga sama ba, tambarin zai fi fitowa, kar ka goge farin da ke jiki da burushin ƙarfe don tare da rubutun zai tafi, sannan ka wanke hannu bayan ka taɓa, dalma guba ce, kar yara su yi wasa da ita.