A Kulle Rumbun Bayanan Ɗakin Karatu Ko a Bar Shi a Buɗe?

Malama, kin ce da Koha, manhajar kula da ɗakin karatu, kuke aiki, kuma kina tambaya ko sai an kulle rumbun bayanai kafin a zaro alƙaluman rahoton ƙarshen wata. Bari mu fara da abin da ake gudu.

A Koha, bayanin littafin da ke hannun mai aro yana zaune a teburin issues (tebur a nan jeri ne na bayanai a cikin rumbun). Da an dawo da shi, sai ya koma old_issues. A ce an gama kwashe teburin farko, sai ga ɗaliba ta miƙo littafi a kanta. Kafin a iso tebur na biyu, littafin ya riga ya sauka can. Ke nan rahoto ya ƙirga shi sau biyu: yana waje, kuma ya dawo.

Kullewa tana maganin wannan, don ba mai iya rubuta komai sai an gama. Amma fa kanta ta tsaya cik: ba aro, ba mayarwa, ba ƙarin kwana. Na taɓa ganin an yi haka da hantsi a wani ɗakin karatu nan Jos, makon jarrabawa, layi har waje, ga sanyin hunturu. Ma'aikacin kanta ne ya sha ƙorafi, shi da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ɗaya hanyar ba kulle a cikinta. Idan teburanku InnoDB ne, wato tsarin ajiyar da Koha ta saba zuwa da shi a kan manhajar rumbun bayanai ta MySQL ko MariaDB, ki haɗa mysqldump, umarnin kwafe rumbun, da zaɓin --single-transaction. Tamkar hoto yake ɗauka a daidai lokacin da ya fara karantawa. Duk aron da aka yi bayan nan ba ya shiga, masu kanta kuwa na ta aikinsu. In ma tambayar SELECT (umarnin zaro bayanai) guda ce rahoton, ita kanta hoto ɗaya take gani. Sharaɗin kawai, kada wani ya taɓa tsarin tebura, irin umarnin ALTER TABLE ko sabunta Koha, kafin a gama.

Ni wannan zan bi. Ki fara duba SHOW TABLE STATUS, umarnin da ke nuna tsarin ajiyar kowane tebur. In kin ga MyISAM a ciki, wato wani tsarin ajiya daban da InnoDB, shi hoton bai rufe shi ba, dole a kulle. Sai ki bari a tashi aiki da yamma, ki kuma tabbatar batirin inbata ya cika kafin ki soma.