Yawo da jagora a Skipton, garin tumaki na Ingila

Tun da na dawo Maraɗi daga ziyarar ɗana da ke karatu a Leeds, maƙwabtana na rumfa a Babbar Kasuwa ba su bar ni na huta da tambaya ba. Biyu daga cikinsu, waɗanda su ma suke da 'ya'ya a can, sun nemi in gaya musu ko ya dace mutum ya biya kuɗi a zagaya da shi wani tsohon gari, ko kuwa ɓarnar dukiya ce. Ni dai sau ɗaya na gwada, a wani ƙaramin gari mai suna Skipton da ke arewacin Yorkshire, wanda jirgin ƙasa yake kai mutum daga Leeds cikin ƙasa da awa guda, kuma ɗana ne ya yi mana rajista ta intanet da wani ƙaramin kamfani mai zagayawa da baƙi a ƙafa sannan ya ɗora su a jirgin ruwa.

Jagorarmu dattijuwa ce mai kuzari, ta tarye mu riƙe da lema domin ana yayyafi, kuma abin da ta fara faɗa shi ne ya sa na kasa kunne, wato cewa sunan garin a tsohon Turanci yana nufin garin tumaki, kuma an rubuta shi a babban kundin ƙidayar dukiyar Ingila na shekarar 1086. Mutumin da ya yi shekaru yana cinikin dabbobi da fatu, in aka ce masa ya shigo garin tumaki, ai ya ji kamar ya iso gidan dangi.

Daga nan ta ja mu zuwa ganuwar garin, wato tsohon gidan sarauta mai katangar dutse, wadda take a saman babban titi kusa da tsohuwar coci. A nan ne aikinta ya fi kyau, kuma a nan ne na yarda kuɗin bai tafi a banza ba. Wani basarake Banormande, wato ɗan asalin Normandi ta Faransa, mai suna Robert de Romille ne ya fara gina ganuwar a 1090, sannan ta koma hannun zuriyar Clifford a 1310. A lokacin yaƙin basasar Ingila, mutanen sarki sun ƙulle kansu a ciki shekara uku, sai a watan Disamba na 1645 suka miƙa wuya, kuma akwai labarin baka cewa fatun tumaki masu gashi suka rataya a bango domin su rage ƙarfin harsashin igwa. Dattijuwar ta yi adalci, ta ce wannan hikaya ce ta mutanen gari, ba ta sa shi cikin tabbataccen tarihi ba. A saman ƙofar shiga akwai kalma ɗaya da aka sassaƙa da manyan haruffan dutse, DESORMAIS, kuma kafin ta buɗe baki na riga na karanta na ce ma'anarta daga yanzu, domin Faransanci ne irin wanda aka koya mana a lakwal. Turawan da ke cikin ayarin suka juyo suna kallona, ɗana kuwa ya ce, "Baba, yau kai ne tafinta."

A tsakar gidan akwai wata bishiya mai murɗaɗɗen jiki, da dakalin dutse kewaye da gindinta, wadda Lady Anne Clifford ta dasa a 1659 bayan ta gyara abin da yaƙi ya rushe. An haifi matar a wannan gida a 1590, ta yi shekaru masu yawa tana neman gadon mahaifinta da aka ba ƙaninsa, kuma bai dawo hannunta ba sai a 1643, tana da shekara fiye da hamsin. Na zauna a dakalin na shafa bawon bishiyar, yana da laima da sanyi. Mu da ambaliyar 1945 ta tashe mu daga tsohuwar Maraɗi ta bakin gulbi zuwa kan tudu, kuma gininmu na ƙasa ne, ba kasafai muke zama ƙarƙashin abin da aka san shekarar dasa shi da sunan wadda ta dasa ba.

Sai dai kamfanin bai bayyana a shafinsa cewa kuɗin shiga ganuwar daban yake ba, sai da muka isa ƙofa ɗana ya sake zaro kati. Bayanin jagorar kuma gaba ɗaya da Turanci ne, cikin sauri, ba takarda ko ɗaya da Faransanci, saboda haka Bamaraɗen da ba shi da mai fassara zai yi ta bin ayari ne kamar raƙumi da akala.

Tafiyar jirgin ruwa gajera ce amma tana da daɗi. Mashigin ruwan haƙa shi aka yi da hannu domin ya haɗa Leeds da Liverpool, tsawonsa kusan kilomita 204, wato ya fi zuwa Katsina daga Maraɗi da dawowa, ya iso Skipton a 1773, aka kammala shi a 1816. Dawakai ne suke jan jiragen daga bakin gaɓa, ɗauke da kwal da dutsen farar ƙasa da kayan masaƙu, kuma shi ne ya kawo wa garin masana'antun zare.

Inda na saɓa da dattijuwar shi ne kasuwa. Kasuwar Skipton tana ci ranakun Litinin, Laraba, Juma'a da Asabar, a kan babban titin kansa, inda ake kafa rumfunan tamfol a gefe biyu bisa shimfiɗaɗɗun duwatsu, a gaban kantuna. Mun je ran Litinin, ranar da tamu ma take cika, na ga mai cuku, mai kifi, mai safar ulu da mai kayan lambu, kowa da farashinsa rubuce a allo, ba taya ba albarka. Na so in tsaya in ga yadda ake ciniki, amma ita ta ratsa da mu cikin minti kaɗan, ta kai mu wani shago inda aka shirya mana ɗanɗanon abincin da garin yake alfahari da shi, wani burodi mai nama a ciki. Allah ya sa ɗana ya tambaya kafin in miƙa hannu, domin naman alade ne. Ta ba da haƙuri ƙwarai, kuma na san ba da gangan ba ne, amma kamfanin da yake karɓar sunan baƙo tun kwana uku kafin zuwansa ya kamata ya tambaye shi abin da ba ya ci.

Karar dabbobi kuwa, wadda ita ce ta riƙe wa garin sunansa har yau, ko ambatonta ba ta yi ba. Mu muka nema da kanmu bayan an sallame mu, a bayan gari, muka tarar ana gwanjon tumaki. Ana koro su rukuni-rukuni cikin wani da'irar ƙarfe, kowace da lamba a kunne, mai gwanjo yana zuba magana kamar maroƙi, masu saye kuma jingine da shinge suna ɗaga yatsa ko gira kawai. Babu dillali mai kama hannu, babu tafa ciniki, kuma kafin mutum ya gyara hula an sayar da garke. Tumakin gajeru ne masu tarin ulu, wasu baƙar fuska da farin baki da murɗaɗɗen ƙaho, ba su kai balami ko uda tsawo ba amma sun fi su faɗin baya. A nan ma ake gwanjon karnukan kiwo, waɗanda ake horarwa su tattaro garke da fito kawai.

Na ce wa maƙwabtan nawa su biya kuɗin saboda ganuwa da jirgin ruwa, su tafi da mai jin Turanci, su riƙe guzurinsu, su sa takalmi mai rufi, sannan su ware rabin yini na kara da kansu. Ɗayansu, da ya ga hotunan a wayata, tambayarsa ta farko ita ce ko ragunan za su yi layya. Na nuna masa cewa da yawansu an datse musu wutsiya tun suna ƙanana, malamin da ke zaune tare da mu ya karɓi wayar ya ƙura ido, ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya wanda aka yanke wa sulusin wutsiya ba ya isarwa, sai dai a nemi irin na kan tsauni da aka bar musu tasu.