Ubuntu LTS a kwamfutocin shagona: alƙawarin shekara biyar da abin da ke bayansa

Duk mai riƙe da tsofaffin kwamfutoci a shagon buga takardu ya san babban tsoronsa shi ne ranar da za a ce manhajar da ke kansu ta daina samun gyaran tsaro. Wannan tsoron ne ya kai ni ga Ubuntu, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, kuma bayan na daɗe ina aiki da ita, abin da zan yi sharhi a kai shi ne wa'adin kulawar da ake ba kowane bugu, domin a nan ne mai shago yake cin riba ko ya tafka asara.

Tsarin da kamfanin Canonical, mai haɗa Ubuntu, ya shimfiɗa ba shi da wuyar ganewa. Ana fitar da sabon bugu sau biyu a shekara, a watan Afrilu da watan Oktoba, kuma lambar bugun ita ke gaya maka lokacin fitowarsa: 22.04 na nufin Afrilun 2022, 24.10 kuma Oktoban 2024. Duk bayan shekara biyu, bugun Afrilu na shekarar da lambarta ke rabuwa biyu daidai shi ne LTS, mai dogon wa'adi, wanda ake kula da shi shekara 5 kyauta. Sauran na tsakani wata 9 kacal suke samu. An fara fitar da LTS tun 2006 da bugun 6.06, wanda shi a watan Yuni ya fito, kuma abin da ya fi burge ni shi ne kana iya duba kalanda ka san ranar da za ka yi ƙaura tun kafin ka ɗora manhajar.

Bugun wata tara ba na mai shago ba ne, ko kusa. Na sa shi a kan laftof ɗina don in ga sababbin abubuwa, kuma ya yi kyau, amma kafin ka saba da shi wa'adinsa ya ƙare. Daga nan sai a kwashe rumbun manhajojinsa a mayar da shi wani adireshi na tsofaffin bugu, ka buga umarnin sabuntawa sai allo ya cika da saƙon ba a samu ba. Ga mai intanet na ofis wannan ba komai ba ne. Mu da muke sayen data da kuɗin aljihu, muna kuma sauraron ƙarar janareta muna lissafin mai, ƙaura sau biyu a shekara wahala ce tsagwaronta. Faifan sakawa na 24.04 kaɗai ya kusa gigabait 6.

A kan LTS kuwa, kwamfutocin sun zauna lafiya. Ana kunna su da safe, yaran shago su buɗe LibreOffice na rubuta takardu da Firefox na shiga intanet, firinta ta amsa, a tashi da dare. Kuɗin wannan zaman lafiya shi ne tsufan manhajoji. Wanda ke kan 22.04 yana nan da LibreOffice 7.3 da aka ba shi tun farko, ana toshe masa ramukan tsaro amma ba a kawo masa sababbin fasahohi. Ni dai hakan bai dame ni ba, don mai zuwa buga takardar neman aiki ba ya tambayar lambar manhaja. Firefox shi ne ya fita daban, yana sabunta kansa a kai a kai ta hanyar Snap, wani tsarin ɗora manhajoji masu sabunta kansu.

Inda ya kamata mai amfani ya buɗe ido shi ne, shekara biyar ɗin nan ba ta rufe komai da komai ba. Rumbun Ubuntu kashi-kashi ne. Akwai wanda ake kira main, mai manhajoji dubu biyu da 'yan kai, shi ne kamfanin ya ɗauki alhakin gyarawa kyauta. Akwai kuma universe mai sama da dubu ashirin, wanda kulawarsa ke hannun 'yan sa kai, su gyara idan sun samu sarari. GIMP da VLC, waɗanda muke amfani da su kusan kullum wajen gyara hoton fasfo da duba bidiyon biki, duk a universe suke. Idan kana so ka ga gaskiyar kwamfutarka, buɗe taminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta pro security-status. Zai jero maka manhajoji nawa ne daga main, nawa daga universe, da shekarar da kulawar kowane kashi za ta ƙare. Ina ganin wannan ɗan umarnin ya fi dogon bayani amfani.

Maganin wannan giɓi shi ne Ubuntu Pro, wani tsarin rajista na Canonical. Yana tsawaita gyaran tsaro zuwa shekara 10, ya kuma haɗa da universe, kuma kyauta ne har kwamfuta 5. Za ka buɗe asusu, a ba ka wata doguwar lamba, ka liƙa ta bayan umarnin pro attach, shi ke nan. Bai kai tsawon lokacin shan shayi ba. Da wannan, bugun 20.04 da wa'adinsa na kyauta ya ƙare a watan Mayun 2025 zai ci gaba da samun gyara zuwa 2030. Idan kwamfutocinka sun haura biyar, sai maganar biyan kuɗi da dala, kuma kowa ya san yadda canji yake. Akwai ma ƙarin wa'adi na kuɗi fiye da shekara goma, amma wannan na bankuna ne da manyan kamfanoni.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: 'yan uwan Ubuntu marasa nauyi, irin su Lubuntu da Xubuntu, shekara 3 masu haɗa su ke kula da bugunsu na LTS. Abin takaicin shi ne su ne suka fi dacewa da kwamfutocin gwanjo masu ƙaramin ram da suka cika kasuwanninmu. Ginshiƙin manhajar yana ci gaba da samun gyara daga main, amma fuskar da kake gani da kayan aikinta ba su cikin wancan alƙawari na shekara biyar. Mai son dogon wa'adi a kan tsohuwar na'ura zai iya duba Linux Mint, wadda ake ginawa a kan Ubuntu LTS kuma ake kula da ita shekara 5.

Ƙaura daga LTS zuwa LTS tana da nata ƙa'idoji. Ba a tsallake, daga 20.04 sai ka bi ta 22.04 kafin ka isa 24.04. Ba a kuma yi maka tayin hawa sabon bugu ranar da ya fito, sai an fitar da gyaransa na farko mai ɗigo ɗaya a ƙarshe, kamar 24.04.1 da ya zo a watan Agustan 2024. Wannan jinkirin alheri ne, masu gaggawa sun riga sun ci karo da matsalolin an gyara. Ni ba na fara ƙaura sai na kwafe takardun kwastomomi a wani faifai daban, na kuma tabbatar batirin inbata a cike yake, don idan wuta ta ɗauke a tsakiyar aikin kwamfutar na iya ƙin tashi gaba ɗaya. Sau da yawa ma na fi so in goge tsohon in ɗora sabo daga filashi guda, in zagaya da shi kan dukkan kwamfutocin, data sau ɗaya kawai aka saya ke nan.