Gargaɗi ga 'yan'uwa a Makka da Jidda: ku guji mai tallan "akwatin har abada"

Assalamu alaikum jama'a. Wannan saƙo na mazauna Makka da Jidda ne, sai kuma alhazai da masu Umara da ke zaga kasuwa neman tsaraba. Akwai wani mutum, Bahaushe ne kamar ni da ku, da ke tallan akwatin kallon talabijin a guruf-guruf na WhatsApp da kuma TikTok. Lambarsa tana canjawa, sunan da yake amsawa ma ba ɗaya ba ne, amma maganarsa ɗaya ce kullum: wai ka biya riyal 450 sau ɗaya, ka yi ta kallon ƙwallon Ingila da ta Saudiyya da Netflix da Shahid da tashoshin gida iyakar rayuwarka, ba ishtiraki (wato biyan kuɗin wata-wata), ba sabuntawa. Ƙarya ce tun daga tushe. Kada ku saya, kuma kada ku yarda da "sabon samfurin" da yake cewa a kawo tsoho a yi ciko a karɓa.

Tashoshin da kuke gani ba a cikin akwatin suke ba. Wasu ne a wata ƙasa suke satar hoton beIN da sauran tashoshin kuɗi, su ɗora a manyan kwamfutocinsu, su riƙa sayar wa dillalai a kan sari. Dillali watanni yake saya, kamar yadda ake sayen katin waya. Sai ya buɗe maka wata 3 ko 6, ya sa suna da lambar sirri a cikin manhajar, ya miƙo maka. Daga wayarsa yana ganin ranar da naka zai ƙare, kuma in ya ga dama yana iya kashe shi tun ranar ba ta zo ba. To mutumin da shi kansa wata-wata yake saye, a ina ya samo "har abada" da zai sayar maka? Ƙwallon Ingila a yankin nan tana hannun beIN, gasar Saudiyya ta koma hannun Thmanyah daga kakar 2025/2026, Shahid na MBC ne, Netflix kamfani ne mai zaman kansa. Kowannensu kuɗinsa daban yake karɓa, kuma babu wanda ya wakilta wani mai jaka a kafaɗa ya haɗa su ya sayar a dunƙule.

Waɗanda suka daɗe a ƙasar nan ba su manta da beoutQ, mai satar hoton beIN, ba. A 2017 ya ɓullo, akwatunansa suka cika gidaje da shaguna, mutane suna cewa an huta da biyan kuɗin ƙwallo. A watan Agustan 2019 ya ɗauke, bai sake dawowa ba. Wancan da ake watso shi ta tauraron ɗan'adam shekara 2 ya yi, balle na wanda jarinsa waya ɗaya ce.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne cuta ta biyu, wadda yake yi wa waɗanda ya riga ya cuta. Wata dattijuwa a unguwarmu, wajen Shara Mansur, abinci take dafawa tana sayarwa, ta saya don jikokinta su zauna a gida su daina yawon dare. Bayan 'yan watanni abu ya tsaya. Ta kunna min saƙonnin muryar da suka yi, na ji da kunnena.

Ta ce, "Ɗan nan, akwatin nan fa ya daina nuna komai, sai wani zobe ke ta juyawa a tsakiya."

Ya ce, "Hajiya, wallahi kamfani ne ya canja tsari, naki ya zama tsohon yayi. Ki ba yaro ya kawo shi da cikon riyal 250 in ba ki sabo mai 8K, wannan shi ne na har abadan gaske. Ke uwata ce, ina ni ina cutar ki a garin nan mai alfarma?"

Ta cika, aka kawo. Rantsuwar nan ita ce jarinsa, domin ya san dattawanmu ba sa zaton mutum zai ambaci Allah a Makka a kan ƙarya. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma wannan algus ne da aka yi wa tsohuwar da take tsayuwa a gaban wuta tun asuba.

Da sabon ma ya fara sarƙewa, jikanta ya kawo min in duba. Kwalin yana ta ƙyalli, an rubuta da ruwan zinare: 8K, 16GB, 256GB, Android 14. Na juya shi ta kowane ɓangare, babu sunan kamfanin da ya ƙera, babu adireshi, babu takardar garanti. Fulogin ma mai ƙafa biyu ne siriri, ba mai ƙafa uku da ake amfani da shi a nan ba. Na ɓamɓare robobin ƙasa na kwance kusoshin. Allon cikin bai cika tafin hannu ba, a jikin murfin kuma an manna wani faifan ƙarfe da gam, shi ne nauyin da kake ji a hannu har ka ce kaya ya yi ƙwari. Ƙwaƙwalwar da ke kan allon an rubuta mata Allwinner H616, kuma wannan ba ta iya ɗaukar RAM (wurin da na'ura ke riƙe abin da take aiki a kai) fiye da 4GB ko da an so. Ma'ajiyar da aka ce 256GB ce, manhajoji kaɗan muka sa ta ce ta cika. Yaron ya ce hatta tabon da ke gefen rimot ɗin irin na tsohonsu ne. Ina kyautata zaton akwatunan da yake karɓa a hannun mutane su yake sake sa wa a sabon kwali, ya ƙara musu wata 3, ya sayar wa na gaba.

Kada lambobin da ke cikin saitin akwatin su ruɗe ku. Masu haɗa irin waɗannan kaya suna gyara rubutun ya nuna abin da suke so. Ku yi lissafi kawai: Google TV Streamer da ya fito a 2024, RAM ɗinsa 4GB ne, ma'ajiyarsa 32GB, kuɗinsa dala 100, wato kusan riyal 375 kafin haraji, kuma ko tasha ɗaya ta kuɗi ba a haɗa maka da shi. Ta yaya wani zai ba ka ninkin wannan RAM sau huɗu da ninkin ma'ajiyar sau takwas, ya ɗora maka ƙwallon duniya duka a kai, a kusan kuɗi ɗaya? Batun 8K kuwa, Netflix ba ya ba akwatin da bai tantance ba hoto mai kyau. Akwai wata lasin kariya da ake kira Widevine, in akwati ba shi da matakin L1 sai a bar shi da hoto mai hazo, ko da talabijin ɗinka ta dubban riyal ce. Manhajar DRM Info tana nuna matakin cikin daƙiƙa kaɗan.

Asarar kuɗi ma da sauƙi a kan abin da zan faɗa yanzu. Da yawa daga waɗannan akwatuna marasa suna da cutarsu suke fitowa daga masana'anta. A farkon 2023 aka gano haka a wani samfuri mai suna T95. A watan Satumbar 2024 kamfanin tsaron kwamfuta na Doctor Web ya ba da rahoton wata muguwar manhaja, Vo1d, da ta shiga akwatuna kusan miliyan 1.3 a ƙasashe 197, kuma Saudiyya tana cikin ƙasashen da abin ya fi yawa. A watan Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wata da ake kira BADBOX 2.0, wata ɗaya bayan haka Google ya shigar da ƙara yana cewa na'urori fiye da miliyan 10 ne suka kamu. Aikin wannan cuta shi ne ta riƙa danna tallace-tallace a ɓoye, sannan ta buɗe wa baƙi hanya su bi ta intanet ɗin gidanka su yi abin da suke so. Kai kana barci, wani a wata nahiya yana damfara da adireshin layinka. A ƙasar nan kowane layi da sunan mutum da lambar iƙamarsa (katin izinin zama) aka yi masa rajista, in aka biyo sawu ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa. Kuma mayar da akwatin saitin farko ba ya wanke shi, domin abin a cikin ginin manhajarsa yake.

Alamomin da FBI ta ambata duk suna jikin kayan mutumin nan: akwati marar sanannen suna, tallan cewa komai kyauta ne, kasuwar manhajoji da ba ta Google ba, da kuma cewa ka kashe Play Protect, wato kariyar Google daga mugayen manhajoji, kafin abu ya yi aiki. Wanda yake da irinsa a gida ya shiga Play Store, ya je saiti, ya duba wurin da ake nuna ko na'urar tana da shaidar Play Protect. In aka ce ba ta da ita, ka cire akwatin daga Wi-Fi, ka canja lambar sirrin Wi-Fi ɗin, ka canja ta Gmail da duk wani asusu da ka taɓa shiga da shi a ciki.

Sannan ya fara wani sabon salo. Yana cewa a turo hoton iƙama "don rajista", ko ya turo mahaɗi a ce a sa lambar katin banki na mada a biya riyal 10 na sabuntawa, sai saƙon lambar sirri ya shigo ya ce a karanto masa. Don girman Allah kada ku yi. Akwatin talabijin ba ya buƙatar iƙama. Lambar da banki ya turo maka ta bakinka ce kai kaɗai, haka ma buƙatar Nafath (manhajar gwamnati ta tantance mutum) da ba kai ka nema ba, kada ka amince da ita. Wanda ya riga ya ba da lambar kati ya kira bankinsa yanzu a rufe katin. Wanda ya tura hoton iƙama ya duba layukan da aka buɗe da sunansa ta hidimar Arqami ta hukumar sadarwa.

Alhazai kuma yana gaya musu wai a Najeriya da Nijar akwatin yana aiki ba intanet. Ba ya yi. A wurin gwaji Wi-Fi yake ja, shi ya sa kuke ganin hoto tar. In kun isa gida data zai sha, kuma Netflix da kansa ya ce kallo mai kyau yana cin har 3GB a awa ɗaya, na 4K har 7GB. Alhajin da zai kai shi ƙauye ya tara iyali a kunna, kunya kawai zai sha, ga shi mai kayan yana bayan teku.

To shin sayen sabon akwati ko canja tsoho yana da amfani? Ga yawancin gidajenmu, a'a. In talabijin ɗinka tana da YouTube da Shahid da Netflix a cikinta kuma suna buɗewa lafiya, ka riƙe kuɗinka. Shirye-shiryen Hausa da iyali suka fi bi ma da yawansu a YouTube masu su suke sakawa kyauta. In talabijin ɗinka ba 4K ba ce, akwatin 4K ba zai ƙara mata komai ba. In hoto yana tsayawa, fara duba ƙarfin intanet, domin 4K yana son aƙalla megabit 15 a daƙiƙa, kuma sau da yawa matsalar nisan Wi-Fi ce daga falo. Inda canji yake da ma'ana shi ne talabijin ta tsufa manhajoji sun daina aiki a kanta. A nan sai ka nemi sananne, irin Xiaomi TV Box S ko Fire TV Stick na Amazon, mai hali ya ɗauki Apple TV 4K, a babban shago irin Jarir ko eXtra, ka karɓi fatura, wato rasit. Da faturar nan kake da garantin shekara 2 da Ma'aikatar Kasuwanci ta wajabta a kan kayan lantarki. Ƙwallo kuma ka biya masu ita na watan da kake so, ko ka je inda aka biya ka kalla da jama'a.

Na san abin da ya sa shiru ya yi yawa. Wasu daga waɗanda ya cuta takardunsu ba su cika ba, suna tsoron zuwa ko'ina, kuma da gangan yake zaɓen irinsu. Saboda haka nauyin yana kan waɗanda iƙamarsu take da rai. Ku adana hoton tallan, da saƙonnin murya, da shaidar tura kuɗi da lambar asusun da aka tura. Ƙorafin algus a kaya ana kai shi ta lamba 1900 ko manhajar Balagh Tijari ta Ma'aikatar Kasuwanci, kuma hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara 3 da tarar riyal miliyan 1. Na damfarar kati da satar bayanai ana kai shi ta manhajar Kollona Amn. Abin da ba na so ku yi shi ne yaɗa hotonsa ko sunansa a guruf, domin dokar laifukan intanet ta 2007 tana hukunta ɓata suna, sai a wayi gari kai da aka cuta kai ne ake tuhuma. Masu kula da guruf su goge tallansa su cire lambar duk lokacin da ya dawo da sabuwa, kuma wanda yake da tsoho ko tsohuwa a gida da ba sa karatun boko ya karanta musu wannan, domin ta saƙon murya yake bi ya same su.