Gargaɗi: Garaɓasar Shafukan Caca Tarko Ce, Ga Lissafin

Ƙanena ne ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Yaya, don Allah duba min, kuɗina suna ciki amma sun ƙi fita." Na karɓa. A saman manhajar an rubuta yana da 23,400, amma da na danna wurin cire kuɗi sai ga sifili. Can ƙasa akwai wani siririn layi da aka rubuta 11% a gefensa, shi bai ma taɓa lura da shi ba. Dubu goma ya zuba, aka ninka masa da sunan garaɓasar sabon shiga, ya ɗan ci riba, sannan aka ɗaure uwar kuɗin da ribar gaba ɗaya.

Ba zan kama sunan shafin ba, don ba shi kaɗai ba ne, kusan duk kanwar ja ce. Ban kuma zo wa'azi ba, kowa ya san matsayin caca a addininsa. Lissafi kawai na kawo, saboda ƙanen nan nawa ba wawa ba ne, amma an ci shi da lamba ɗaya da bai karanta ba.

Lambar ita ce 35x. Tana ɓoye a cikin ƙa'idoji da sharuɗɗa, wurin nan da kowa ke danna "na amince" bai duba ba. Ma'anarta, kafin a bar ka ka cire ko sisi daga garaɓasar, sai ka buga caca da adadin da ya ninka ta sau 35. An ba ka 10,000, ke nan sai ka juya 350,000 a wasa. Wasu shafukan ma ba garaɓasar kaɗai suke ninkawa ba, har da kuɗin da ka zuba, sai abin ya koma 700,000. Layin nan na 11% shi ne awon inda yaron ya kai a wannan doguwar tafiya.

To me ya sa suke so ka yi ta juya kuɗi? Domin kowane wasa an gina shi da rabon mai gida a ciki. A wasan rulet, wanda ake juya faifai ƙaramar ƙwallo ta faɗa gurbi ɗaya, in mai gurbi 37 ne, mai gida yana da kashi 2.7 cikin 100 na duk abin da aka buga. A mai gurbi 38, irin na Amurka, kashi 5.26 ne. Injinan silot, waɗanda kake dannawa hotuna su juya, da yawansu suna mayar da kusan kashi 96, su riƙe 4. Kashi 4 kamar ba komai ba, ko? Ɗora shi a kan 350,000, ka ga 14,000. Wato an ba ka dubu goma, an kuma sa maka sharaɗin da a matsakaicin lissafi zai ci dubu goma sha huɗu. In kuwa 700,000 ne, abin da ake sa ran za ka rasa 28,000 ne, alhali duk abin da ke asusunka 20,000 ne. Yawancin mutane kuɗinsu kan ƙare tun layin bai cika ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa, masu shafin sun yi wannan lissafi tun kafin su buga tallar.

Wanda ya ce zai yi wayo ya koma wasan da rabon mai gida bai da yawa, an riga shi. Wasannin kati da na tebur sau da yawa kashi 10 kacal ake ƙirga musu a cikin sharaɗin, wani lokacin ma ba a ƙirga su sam. Ga wa'adi, kwana 7 ko 30, in ya wuce garaɓasar da ribarta sun tafi. Ga iyakar abin da za ka sa a bugu ɗaya, ka haura ta sau ɗaya bisa kuskure a soke duk abin da ka ci, kuma manhajar ba lallai ta hana ka lokacin da kake bugawa ba, sai ranar cire kuɗi a tuna maka. Akwai kuma rufin riba: ko nawa ka ci da juyin kyauta, wato bugun silot da ake ba ka ba tare da ka biya ba, an ƙayyade abin da za a ba ka.

Masu cacar ƙwallo su ma ba su tsira ba. Tikitin kyauta in ya ci, riba kaɗai ake ba ka, kuɗin tikitin ba ya dawowa. Sau da yawa kuma sai an tilasta maka haɗa wasanni uku ko biyar a tikiti ɗaya, kuma kowane wasa da ka ƙara, rabon mai gida ƙaruwa yake, damarka tana raguwa.

Kada wani ya ce sharri nake musu. A Birtaniya, inda caca ke da lasisi da hukumar sa ido, sai da hukumar kula da gasar kasuwanci ta CMA ta sa wasu manyan kamfanoni suka gyara sharuɗɗan garaɓasarsu a 2018, musamman ɗaure kuɗin da mutum ya zuba da hannunsa. A 2025 hukumar cacar ƙasar ta sanar cewa ninkin ba zai wuce sau 10 ba. In a inda ake sa ido ma sai da aka ja musu kunne, ina ga shafin da ba ka san a wace ƙasa yake ba?

Waɗannan ma masu ɗan kunya ne. Akwai 'yan damfara tsagwaronsu da ke buɗe shafin bogi, su yaɗa shi a Telegram da WhatsApp da Facebook, su nuna maka ka ci kuɗi masu kauri cikin daren farko. Ka zo cirewa, a ce ka turo kuɗin haraji. Ka tura, a ce saura na tantance asusu. Ka sake turawa, a toshe ka. Lambar da kake gani a allo ba kuɗi ba ce, wani ne ya rubuta ta da hannunsa. Duk wanda ya ce sai ka biya kafin a sakar maka abin da ka ci, ka tsaya nan, kada ka ƙara ko ƙwandala. Hoton katin shaidarka da ka tura musu kuma wata matsalar ce daban, don da shi za su iya damfarar wani da sunanka.

Shi kuwa mai raba lambar garaɓasa yana ɗora hotunan tikitin da ya ci, dillali ne. Kamasho yake karɓa a kan duk wanda ya yi rajista da lambarsa, wasunsu ma kaso ake yanka musu daga abin da ka rasa. Tikitan da suka faɗi ba ya nuna su.

Na ce wa ƙanena ya rubuta musu a soke garaɓasar a bar masa uwar kuɗinsa. Bayan kwana biyu suka amsa cewa in an soke, garaɓasar da duk ribar za su tafi, kuma da yake kuɗinsa aka fara bugawa kafin nasu, 3,100 ne zai rage masa. Ya yi shiru, ya ce, "Yaya, ko in ƙara dubu biyar in cike layin?" Na nuna masa saura 311,500 zai juya, kuma kwana huɗu suka rage. Ya danna soke, muka cire 3,100 ɗin, na tsaya a kansa har ya goge manhajar.