Sirdin keke mai rami ko marar rami: wanda ya kamata ka saya

Ɗan'uwa, ka tambaye ni wane sirdin keke za ka saya, mai rami a tsakiya ko marar rami: ka sayi mai rami. Tun da ka ce kekenka na gwanjo ne irin na hawan tudu, wanda ƙahonsa ke sa mutum ya sunkuya gaba, kuma matse-matsinka yana sagewa tun kafin ka isa wurin aiki, ban ga abin da zai sa ka tsaya kokwanto ba. Sharaɗi biyu kawai zan gindaya maka: faɗin sirdin ya dace da ƙasusuwanka, kuma ya kasance mai ɗan tauri, ba irin wanda yatsa ke nutsewa a cikinsa ba.

Dalilin yana cikin ƙirar jikin ɗan Adam. A ƙarƙashin ƙugu akwai ƙasusuwa biyu masu ɗan tsini, waɗanda za ka ji su idan ka zauna a kan dakali, kuma su ne aka halitta don ɗaukar nauyin mai zama. Tsakaninsu kuwa, daga dubura zuwa gaba, nama ne mai laushi wanda jijiyoyin jini da jijiyoyin da ke kai saƙon ji zuwa al'aura suka ratsa ta cikinsa. Idan mutum ya zauna a miƙe, nauyinsa yana sauka a kan ƙasusuwan nan biyu. Da zarar ya sunkuya ya kama ƙahon da ke ƙasa, sai ƙugunsa ya mirgina gaba, wani kaso na nauyin ya koma kan naman, hancin sirdi ya danne jijiyoyin, jini ya rage gudu, wurin ya mutu. Aikin ramin shi ne ya janye sirdi daga wannan wuri domin ƙasusuwa su ci gaba da ɗaukar kayansu. Saboda haka gwargwadon yadda keke ke sa ka sunkuya, gwargwadon yadda kake buƙatar ramin, kuma irin kekenka yana sa mutum ya sunkuya sosai.

Wanda ke kan kekena mai rami ne, siriri, na gwanjo, kuma a ranar da na ɗauko shi mai gyaran keken unguwarmu ya juya shi a hannu ya tambaye ni ko ɓera ne ya cinye tsakiyarsa. A ido ba shi da wani abin sha'awa, domin sosonsa bai kai kaurin yatsa ba. Inda na san darajarsa shi ne hanyar Mirya, kusan kilomita 20 daga Damagaram, wadda nakan bi ranar Lahadi don cin kasuwa. A da nakan sauka a hanya in miƙe ƙafa, in tsaya a gindin itace har ji ya dawo wurin, in kuma yi kamar ruwa na tsaya sha don kada abokan tafiya su tambaya. Da wannan sirdin na je na dawo a cikin zafin watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, na sauka a ƙofar gida na shiga alwala kamar wanda ya taso daga kan tabarma. Ƙasusuwan zaman sun yi ɗan tsami a makon farko, wannan gaskiya ne, amma tsamin ƙashi yana wucewa idan jiki ya saba, sagewar jijiya kuwa ba a sabawa da ita. Akwai kuma wani amfani da ban yi zato ba, wato iskar da ke shiga ta ramin, wadda ke rage gumi da ƙurajen da gumi ke haifarwa a lokacin bazara.

Marar rami mai kaurin soso da roba mai laushi a ciki, na taɓa sayen ɗaya, yana nan rataye a zaure. Irinsa yana da daɗi a minti goma na farko, daga nan ƙasusuwa su nutse, soson da suka ture ya taru a tsakiya ya danne daidai wurin da ake son a sarara wa. Iyakar abin da zan yarda da shi game da marar rami shi ne, a kan keken dattawa irin su Phoenix ko Rali, inda mutum ke zaune a miƙe kamar a kan kujera, faffaɗan sirdi mai sifirin yana yin aikinsa ba tare da rami ba, kuma sifirin ɗin yana shanye gargadar lungunan Birni. Amma kai ba irin wannan keke gare ka ba, kuma idan ka ɗora wannan faffaɗan sirdi a kan naka, gefensa zai riƙa gurje maka cinya a kowane juyin feda.

Ramin nan ba sabon yayi ba ne. Kamfanin Brooks na Ingila, wanda aka kafa a Birmingham a 1866, yana tsaga tsakiyar wasu sirdansa na fata tun a shekarun 1890 saboda wannan matsalar, kuma har yanzu yana yin samfurin B17 iri biyu, marar tsaga da mai tsaga wanda a da yake kira Imperial, yanzu kuma Carved. Maganar ta sake tashi da ƙarfi a 1997, lokacin da wani likitan mafitsara na birnin Boston a Amurka, Irwin Goldstein, ya yi gargaɗin cewa sirdin keke yana iya raunana mazakuta. A daidai wannan lokaci kamfanin Specialized ya haɗa kai da likita Roger Minkow suka fito da sirdan Body Geometry masu kwari a tsakiya, daga baya kuma kamfanin Selle SMP na Italiya ya yi suna da ramin da ya ratsa kusan tsawon sirdin gaba ɗaya. Kada wannan ya tayar maka da hankali fiye da kima. Wani babban bincike da aka buga a mujallar likitocin mafitsara ta Amurka a 2018, wanda ya kwatanta dubban masu hawan keke da masu ninƙaya da masu gudu, bai samu masu keke sun fi sauran raunin mazakuta ba. Ya dai nuna cewa masu yawan miƙewa a kan feda ba su cika samun sagewa ba. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, sagewa alama ce da ke neman gyara, ba hukuncin cewa mutum ya daina hawan keke ba.

Batun faɗi shi ne wanda mutane suka fi sakaci da shi, alhali idan ya ɓaci, ramin da kansa yakan zama matsala. Idan sirdin ya yi maka ƙanƙanta, ƙasusuwanka za su zube ta gefe, nauyinka kuma ya sauka a kan leɓen ramin, sai ya zama wuri biyu ne ke danne ka a maimakon ɗaya. Wani bincike na 2011 a kan mata masu tseren keke ya samu cewa sirdi siriri da sirdi mai rami sun ƙara dannewa a tsakiyar jikin matan da aka auna, don haka idan maiɗakinka ko ƴarka za su riƙa hawan keken, kada a ɗauka abin da ya dace da kai ya dace da su, tun da ƙasusuwan mata sun fi na maza tazara a mafi yawan lokaci.

Aunawa ba ta buƙatar kuɗi. Ka sami kwali mai kauri irin na sabulu ko na taliya, ka shimfiɗa shi a kan dakali ko benci, ka zauna a kai da wando marar kauri, ka ɗan sunkuya kamar yadda kake yi a kan keke, ka ɗaga ƙafafunka kaɗan domin nauyi ya sauka. Idan ka tashi za ka ga gurbi biyu. Ka goga gawayi ko alli a kai su fito sarai, sannan ka auna daga tsakiyar ɗaya zuwa tsakiyar ɗayan. Yawancin manya suna faɗawa tsakanin milimita 100 zuwa 140. Ka ƙara kamar milimita 20 zuwa 25 a kan abin da ka samu, wannan shi ne faɗin sirdin da za ka nema a wurin da ya fi faɗi. Specialized, alal misali, yana yin nasa a faɗin milimita 143 da 155 da 168. Ka tafi kasuwa da abin awo a aljihu, domin mai shago ba zai auna maka ba.

Bayan an ɗaura shi, ka sa mai gyara ya daidaita shi ya kwanta sosai, hancinsa bai ɗaga sama ba, domin hancin da ya ɗaga yana ɓata duk amfanin ramin. Idan kuma ya dulmuya ƙasa da yawa za ka riƙa zamewa gaba, wuyan hannunka ya ɗauki wahalar. Tsayinsa ya zama yadda idan ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka za ta miƙe ba tare da ƙugunka ya karkata ba. In akwai halin ɗaga ƙahon keken kaɗan, a ɗaga. Kuma ka saba da miƙewa a kan feda lokaci zuwa lokaci, musamman a inda kwalta ta farfashe.

Mai rami yana da nasa aibin. Ƙura tana shigowa ta ramin a lokacin hunturu, a damina kuma tayar baya tana watso ruwan taɓo ta nan idan babu abin kare taɓo, kuma wando mai yalwa yakan maƙale idan hancin sirdin a tsage yake. Saboda haka ka zaɓi wanda ramin nasa ya rufe ta gaba.

Ba ka tambaye ni game da masu sayarwa ba, amma sai na faɗa, domin a nan ake cutar mutane. Yawancin sababbin sirdan da ke shigowa shaguna ɗauke da sunayen manyan kamfanonin Turai a kan farashin da bai kai na cefanen yini ba, sunan kawai aka buga musu. Ramin yana raunana robar da ke ƙarƙashin sirdi, kamfanin kirki yana ƙara mata ƙarfi a gefen ramin, mai jabu kuwa hudawa kawai yake yi, kuma irin zafin ranar Damagaram ba ya barin wannan robar ta daɗe kafin ta tsage ko ta lotsa. Ka juya sirdin ka dubi cikinsa, ka kama hanci da baya ka ɗan murɗa, idan ya lanƙwashe cikin sauƙi ko ka ji yana ƙara, ka ajiye shi. A ɓangaren gwanjo kuma akwai masu ɗaukar sirdin da ya tsage su kai wa baduku ya lulluɓe shi da sabuwar fata, su sayar da shi a matsayin lafiyayye. Aikin dukawan garin nan yana da kyau har ba za ka ga tsagar daga sama ba, sai ka duba ta ƙasa. Ka kuma dubi ƙarafa biyun da ake ɗaure sirdin da su, ka tabbata babu wanda ya lanƙwashe ko aka yi masa walda, domin sirdin da ƙarfensa ya karkace ba zai taɓa zama daidai ba komai ƙwarewar mai gyara.

Ka je kasuwar Dole ta Damagaram da kekenka, ka sa a ɗaura sirdin a gabanka, ka zagaya da shi, kuma ku yi yarjejeniya da mai shago a gaban shaida cewa za ka iya dawo da shi ka canza idan bai karɓe ka ba. Wanda ya ƙi wannan sharaɗi, ka wuce shago na gaba ko da nasa ya fi arha da jikka guda. Idan kuma ka canza sirdi, ka daidaita shi, amma sagewar tana ɗaukar sa'o'i bayan ka sauka, ko ta haɗu da wahalar fitsari, to ka jingine keken ka je ka ga likita.