Tsakanin A4 da 8F, wanne zai ba ka gudu a Train Simulator Classic?

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Tunda gudu kake nema daga jirgin ƙasa mai tururi a wasan kwamfuta na Train Simulator Classic, kuma kuɗin kan jirgi ɗaya gare ka, to tsakanin A4 da 8F da ka ambata ka ɗauki A4. Duka biyun ina da su, kuma na san wanda nake komawa gare shi kusan kowane dare da wanda ya yi watanni ban hau shi ba.

8F na fara saya, don na ga manyan ƙafafu takwas a jere na ɗauka mai ƙarfi shi ne mai gudu, kuma har yau ina jin zafin wannan kuɗi. William Stanier ya tsara shi ga kamfanin jiragen ƙasa na LMS a Birtaniya a 1935 domin jan taragun kaya, yana kuma yin aikinsa yadda ya kamata, amma ba a ƙera shi don tsere ba.

Bambancin yana farawa ne daga ƙafa. Faɗin ƙafar 8F inci 56 da rabi ne, na A4 kuwa, wanda Nigel Gresley ya fito da shi ga kamfanin LNER a shekarar 1935 ɗin, inci 80 ne cif. Idan ka yi lissafi za ka ga cewa a mil ɗaya ƙafar A4 tana juyawa kimanin sau 252, alhali ta 8F sai ta juya kusan sau 357 kafin ta ci wannan tazara. Ke nan idan suna tafiyar mil 60 a awa kafaɗa da kafaɗa, fistin ɗin 8F yana kai da komo fiye da na A4 da sama da sau ɗari a kowane minti, kuma tururin da ya gama aiki ba ya samun sararin ficewa daga silinda kafin sabo ya shigo, sai ya tsaya yana tokare fistin ɗin. Ga kuma tukunya: ta A4 tana riƙe matsin fam 250, ta 8F kuwa 225.

Sai dai kada ka zaci sayen A4 kaɗai ya wadatar, domin ni a makon farko da na same shi ban iya wuce gudun mil 55 a awa ba. Ina ɗaura masa taragun fasinja takwas, in tashi daga tashar York in nufi Darlington, hanyar da ta kai kimanin mil 44 kuma kusan miƙe take ba hawa ba gangara, in buɗe regileta (abin da ke sakin tururi zuwa silinda) duka, in bar ribasa (abin da ke zaɓar tafiya gaba ko baya) a gaba can kan kashi 75 kamar yadda na tashi. Kafin in yi mil goma allurar agogon matsi ta fara sunkuyawa, daga 250 ta koma 200, ta ci gaba da zamewa, jirgin yana ta huci yana zubar da hayaƙi amma gudun ya ƙi ƙaruwa. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne ribasa ba gaba da baya kawai take zaɓa ba, ita ce ke ƙayyade tsawon lokacin da tururi zai yi yana shiga silinda kafin a datse shi. Barin ta a 75 daidai yake da hawa babban titi da mota a giya ta ɗaya.

Daren da na gane, ban manta shi ba. Na tashi a 75, da gudu ya kai mil 10 a awa na rufe bututun da ke fitar da ruwa daga silinda na ja ribasa zuwa 50, a mil 30 na dawo da ita wajen 35, daga nan na riƙa ja da kaɗan kaɗan har ta tsaya tsakanin 20 da 15, regileta kuwa a buɗe. A4 silinda uku gare shi, saboda haka yana yin huci shida a kowane juyin ƙafa, kuma a kunnena na ji hucin nan ya daina fita ɗaya bayan ɗaya ya haɗe ya zama gurnani mai laushi. Allurar matsi ta tsaya daram kusa da jan layi, ta gudu kuma ta haura 70, ta haura 80, sandunan waya suna wucewa ta gefen tagar kamar ana fizge su, har na taɓa mil 92 kafin in fara taka birki. Kwal ɗin da na ƙona a wannan tafiya bai kai na tafiye-tafiyen da na yi a mil 55 ba, domin tururi kaɗan da aka bari ya buɗe da kansa a cikin silinda ya fi yin aiki a kan mai yawa da ake turawa yana ficewa ta bututun hayaƙi.

Bayan ribasa, wuta da ruwa ne ke cinye gudu. Injekta, wato abin da ke tura ruwa cikin tukunya, ruwa mai sanyi yake shigarwa, kuma duk lokacin da ka kunna shi matsi zai sauka, don haka ka cika tukunya tun kana tasha ko lokacin da kake gangara, kada ka bari sai kana tsakiyar neman gudu. Kwal kuma a riƙa zuba shi kaɗan kaɗan, domin tulin kwal yana danne wuta, kuma ƙofar iskar da ke ƙarƙashin murhu ta kasance a buɗe. Idan hannu biyu ba su ishe ka ba, ka kunna mai zuba kwal na atomatik a saitin wasan har ka saba da tuƙin. Ka kuma duba agogon birki kafin ka tashi, domin idan allurarsa ba ta kai 21 ba birkin bai saki duka ba, kuma za ka yi ta jan taragun da ke riƙe da kai.

Kada ka sa rai da mil 126 da Mallard, ɗaya daga cikin jiragen A4, ya yi ranar 3 ga Yuli 1938. Direba Joe Duddington ya samu wannan gudu ne a gangaren Stoke Bank da ke kudu da Grantham, da taragu bakwai kacal, kuma ƙarfen da ke haɗa fistin na tsakiya ya yi zafi har aka cire jirgin a Peterborough. A shimfiɗaɗɗiyar hanya da taragu takwas, mil 90 gudu ne na a zo a gani.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu tallar asusun wasa ko lambobin saye da araha a zaurukan sada zumunta. Sun san wahalar da muka sha wajen biyan dala da katin naira, sai su ba ka asusun da mutum goma ke shiga, bayan kwana biyu a canja kalmar sirri, ko su turo maka fayil ɗin da aka fasa wanda rabin kayansa babu, jirgin ya fito ba sauti ko ya ƙi motsi. Ka saya a Steam, shagon wasanni na intanet, da asusunka na kanka, ka karanta a shafin jirgin ko ayyukan da ke tare da shi suna buƙatar wata hanya da ba ka da ita, kuma idan za ka iya haƙuri ka jira rangwamen tsakiyar shekara ko na ƙarshenta, kuɗin A4 da na hanyar York za su iya fita daga abin da ka ware yanzu.